Robobin da Suka Fito da Inna Daga Ɗaki

Shekarun baya, a shekarar da Allah Ya yi wa mahaifinmu rasuwa, na taɓa yin sana'ar sayar da robobin ajiye abinci gida-gida a garinmu Kaura Namoda. Yawancinku da koyarwa kuka san ni, to kafin in riƙe alli sai da na riƙe murfin roba. Ban cika ba da labarin ba saboda akwai abin kunyata a ciki, amma yau na ce bari in faɗa, ai abin ya daɗe da wucewa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, mace ce mai yawan magana. Daddawa take yi da yajin jego, kuma da wuya a haihu a unguwarmu ba a aiko gidanmu ba. Tun daga zaure ake jiyo muryarta, ko tana faɗa da kaji, ko tana ba wata amarya shawarar da ba ta nema ba. Mahaifinmu kuwa hatsi yake sayarwa a kasuwa, mutum ne mai sanyin hali. Yakan ce shi sauraro Allah Ya ba shi, magana kuma an ba Inna rabon mutum biyu.

Da ya rasu Inna ta shiga takaba, mu kuma muka sa rai cewa idan ta fita za ta dawo yadda muka san ta. Kwanaki suka cika, aka yi sadaka, ta yi wanka ta sauya tufafi, sai ta koma ɗaki ta zauna. Turminta yana kife a gindin dogonyaro. Buhun kalwar da ta saya tun kafin Baba ya kwanta ciwo yana jingine inda aka sauke shi. Mata su shigo su ce, "Inna, sai haƙuri," ta ce, "Na gode," daga nan shiru. Abinci sai na tsaya a kanta take cin loma uku. Yayana ya zo daga Gusau da wani ma'aikacin asibiti, ya auna ta, ya ce bai ga wani ciwo ba. Amma ni da nake kwana nake tashi da ita na san tana ƙarewa a hankali. Zanenta ma sai ta ƙara naɗi yake zama.

Ni ce auta, kuma a lokacin na gama karatu a poli ina zaman jiran aiki. Sai wata ƙawata da muka yi karatu tare, wadda take saro kaya daga Kano, ta kawo mini buhu biyu na robobi. Ba irin na kasuwa ba ne da muka saba gani. Waɗannan garau suke, ana hango abin da ke ciki, murfinsu da roba mai laushi a baki, sannan da kunnuwa huɗu da ake dannewa su ce ƙas. Akwai manya na gari, akwai ƙanana na yaji, suna shiga cikin juna kamar kwanukan jeren amarya.

Ta ce mini ba a kai su kasuwa. Mata ake tarawa a gida ɗaya, a shimfiɗa tabarmi, a kawo zoɓo da cincin, a nuna musu yadda kayan suke aiki, uwar gidan da ta tara mutane kuma a ba ta roba ɗaya tukuici. Na ga dabarar ta dace da mu, tunda matanmu da yawa ba sa zuwa kasuwa, sai dai a yi musu aike a kawo abin da ba shi suka ce ba. Ta koya mini abin da zan faɗa, har ta cika roba da ruwa ta kife a kanta, ko ɗigo bai zubo ba. Ta ce, "Wannan shi ne makaminki. Da kin yi shi, kin gama da su."

Kada ku ɗauka wata dabara na shirya don Inna. Ni dai zaman banza ya ishe ni, ina so in riƙa sayen man shafawata da kaina. Tsakar gidanmu ce mafi faɗi a layin, shi ya sa na je na durƙusa a bakin gadonta na nemi izini. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "Gidan ubanki na. Yi abin da kinka ga dama."

Ranar taron, bayan la'asar, mata suka cika tabarmi uku. Sai daga baya na gane yawancinsu ba don ni suka zo ba, sun zo ne ko za su ga Inna. A cikinsu har da Gwaggo, yayar mahaifinmu, wadda ta zo daga Zurmi za ta kwana biyu. Gwaggo mace ce da ko limamin unguwarsu yake kiyaye bakinta. Ta zauna a gaba cikin farin mayafi sabo fil, ta miƙe ƙafafu, ta ce, "To, 'yar boko, muna saurare."

Na miƙe na fara. Abin da ƙawata ta koya mini na zubo kamar hadda, rabi Hausa rabi Turanci. Na yi maganar ƙwayoyin cuta, na yi maganar zamani, na ce matan birni duk sun daina amfani da ƙwarya. Ina magana ina ganin fuskoki suna yin sanyi. Wata tana ba ɗanta nono tana gyangyaɗi, wata tana tsintar cincin tana duban ƙofar ɗakin Inna. Da na ga kasuwar tana neman watsewa sai na ce bari in fito da makamina. Kuma don in burge, maimakon ruwa sai na cika babbar robar da zoɓo. Na danna murfi, na ɗaga ta sama, na ce, "Ku duba da kyau," na kife ta a kaina.

Har yau ina jin sanyin zoɓon nan a bayan wuyana. Ya bi ta ɗankwalina, ya shiga idona, ragowar kuma ya fantsama a kan farin mayafin Gwaggo. Ina tsaye da roba a hannu, ja yana ɗiga daga haɓata, ina kallon Gwaggo tana jan numfashi irin wanda take ja kafin ta wanke mutum tas.

Sai muka ji dariya daga cikin ɗaki.

Da farko ƙasa-ƙasa, kamar tari. Sai ta ƙaru, har da shessheƙa, irin dariyar Inna da take yi har ta riƙe ciki. Ashe tun da aka fara tana zaune a bayan labule tana leƙenmu. Gwaggo ta rufe bakinta da ta buɗe. Ta dubi ƙofar, ta dube ni, na ga idonta ya kawo ruwa. Ta sa gefen mayafin da ya ɓaci ta share, ta ce a hankali, "Ƙaro wani soɓon ki zuba mani, ɗiyata."

Labule ya motsa, Inna ta fito ta tsaya a bakin ƙofa tana kare ido daga rana. Ta ce, "Auta, kunne ukku kinka ruhe. Tun daga nan na gani." Ta miƙo hannu, na kai mata robar. Ta juya ta, ta shafa bakin murfin da yatsa, ta danna kunnuwan ɗaya bayan ɗaya. Sai ta ce, "Wanga abu yana riƙe wari?"

Gaskiya ban sani ba, ƙawata ba ta koya mini wannan ba. Inna ta ce in shiga madafa in ɗauko ragowar daddawarta a tukunyar da ke bayan ƙofa. Na kawo, aka ɗauraye robar, ta zuba ta rufe, ta miƙa wa ta kusa da ita ta ce ta shinshina ta ba na gaba. Robar ta zaga tabarmi uku, hanci bayan hanci, babu wadda ta ji komai. Da ta dawo hannun Inna ta ɓalle murfin, warin daddawa ya bugi kowa, aka kwashe da dariya. Wata amarya ta ce ita ko don wannan za ta saya, maigidanta kullum sai ya yi ƙorafin tufafinsa suna warin miya, don ɗaki ɗaya gare su.

Daga nan taron ya fita daga hannuna. Inna ta zauna a kan kujera 'yar tsugunne, aka kewaye ta. Ita ta san abin da ke damun mata, ba ƙwayoyin cutana ba: kuka da take dunƙulewa da damina, yaji da yake sallacewa, kiyashi a cikin sukari, ɓera a garin tuwo. Ni kuma ina gefe da jiƙaƙƙen ɗankwali ina miƙa kaya.

Sai wata ta tambaya ko za a iya dama fura a ajiye a ciki. Na buɗe baki zan ce ƙwarai kuwa, Inna ta riga ni. Ta ce, "A'a. Hura ƙwarya taka so. Kin ruhe ta cikin wagga, kahin azahar ta yi tsami. Tuwo mai zahi ma kada ku sa, gumi zai yi ya lalace." Ina ta ƙifta mata ido, ko ta kaina ba ta bi ba. Matar da ta riga ta ɗauki manya biyu ta mayar da ɗaya.

Bayan an watse, muna naɗe tabarmi, na ce, "Inna, kin rage mini ciniki fa." Ta ce, "Wadda kinka yi wa ƙarya yau, jibi gidan suna za ku haɗu, tabarma guda." A ranar ta ci tuwo da kanta, ba tare da na tsaya a kanta ba.

Na kwanta da murna ina cewa shi ke nan Inna ta warke. Washegari ta koma ɗakinta, labule a sake, kamar ba a yi komai ba. Abin ya fi na farko yi mini ciwo, don na riga na ga tana nan. Na yi taro na biyu a gidan wata maƙwabciyarmu ni kaɗai. Na rufe kunnuwa huɗu, na kife ruwa a kaina lafiya lau, aka tafa mini, amma tambayar da aka fi yi ita ce, "Ina Inna?" Na dawo da kayana kusan yadda na fita da su. Na ba ta labari, ta ce, "Allah Ya kawo kasuwa," ta juya fuska bango.

Ana nan sai ƙanwar Inna da ke aure a Shinkafi ta bugo waya. Labarin zoɓo ya kai mata ta bakin Gwaggo, da ƙari. Ta ce za ta tara mini mata, har daga Badarawa za a zo, amma da sharaɗi: in ba da Inna ba, kada in taso. Na miƙa wa Inna wayar. Ina jin ƙanwar tana cewa, "Yaya, na riga na gaya wa mutane ke za ki zo. Kada ki ba ni kunya cikin dangin miji." Inna ta ce ba ta iyawa. Ƙanwar ta ce ita dai ta sa a jiƙa gero, ta kashe waya.

Kwana uku Inna ba ta ce komai ba. Ni ma ban matsa ba, don tun ranar da aka fita da gawar Baba ba ta taka zaure ba. Ranar tafiya da safe na gama ɗaure kaya, na fara tunanin ƙaryar da zan yi a Shinkafi, sai na gan ta ta fito da hijabinta da ƙaramar jakarta. Ta ce, "Kira mai keke. In na bar ki ke ɗaya za ki sayar wa mutane da abin hura."

Hanyar tashar mota ta gefen kasuwar hatsi take bi, kuma rumfar Baba a bakin titi take. Ban tuna da haka ba sai da muka kusa. Na so in ce wa mai keke napep ya sauya hanya, amma lokaci ya ƙure. Inna ta taɓa kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, tsaya kaɗan."

Abokin Baba da suka yi shekaru suna zaman rumfa ɗaya yana auna wa wani dawa. Da ya gane mu sai ya ajiye tiyar, ya taso, ya tsaya nesa kaɗan ya gaishe ta da ladabi. Ya ce, "Hajiya, ashe an samu hitowa. Alhamdu lillahi." Inna kuwa wurin zaman Baba take kallo. Buzunsa yana nan a shimfiɗe, butarsa tana nan a gefen buhu. Mutumin ya lura, ya ce, "Na kasa ɗauke su. Kullum sai in ce gobe."

Inna ta ja hijabi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Tun rasuwar ban ga ta yi kuka a gaban kowa ba. Mai keke ya kashe injinsa ya jira mu, Allah Ya saka masa. Na riƙe hannunta, a raina na ce yau na kashe kaina da kaina, gida za mu koma. Can ta share fuska, ta ce wa abokin Baba, "Buzun ka ba wanda zai yi salla a kai. Shi haka zai so." Sai ta juyo wurin mai keke ta ce, "Mu tahi, mata na jira."

A lokacin hanyar Shinkafi ba ta kai yadda ta zama daga baya wajen rashin tsaro ba, ana bi da addu'a a isa lafiya. Muka tarar da gida cike. Cikin matan akwai wata dattijuwar Bafillata daga wajen Jangeru, mai kawo wa gidan nono da man shanu, wadda ta zo aikinta ta tarar da taro ta zauna. Ita ce ta fi kowa ba mu wuya. Ta ɗauki roba ta ƙwanƙwasa, ta cije bakin murfin, daga ƙarshe ta ajiye ta ƙasa ta hau da ƙafa ɗaya. Robar ba ta fashe ba. Inna ta ce mata wani abu da Fillanci, dattijuwar ta ƙyalƙyale da dariya ta ba ta amsa, suka yi ta yi. Shekarata ashirin da wani abu a duniya ban san mahaifiyata tana jin Fillanci ba. Ashe tana ƙarama a rugar kakarta ta wajen uwa ta yi shekara biyu. Matar ta tafi da ƙananan robobi na man shanu, bayan Inna ta ja mata kunne cewa nono dai ya zauna a ƙwaryarsa.

Ana cikin maganar kiyashi sai Inna ta ɗaga wata 'yar ƙaramar roba ta dube ta, ta ce, "Da Malam na da rai da ya samu wurin ɓoye sukarinai." Ta ba su labarin yadda Baba yake saka sukarin shayinsa a gwangwanin madara, ya rataye da igiya a rufin ɗaki don kiyashi, su kuma su bi igiyar su sauka. Ya shafa wa igiyar kananzir, shayin ya koma warin fitila, ya sha abinsa haka nan wai kada a yi asara. Tana faɗa tana kwaikwayon yadda yake yamutsa fuska. Mata suka yi dariya har da hawaye, sannan wata tsohuwa ta ɗaga hannu ta ce Allah Ya jiƙansa, aka shafa. Na dubi ƙanwar Inna, ita ma ni take duba. Wannan ne karon farko da Inna ta ambaci Baba tana murmushi.

Kwana biyu muka yi a Shinkafi. Da muka dawo ba wai ta koma Inna ta da ba nan take. Akwai ranakun da labule yake sake har yamma. Amma a satin ta ce in kira mata masu daka, a buɗe buhun kalwar nan kafin ƙwari su gama da shi. Muka ci gaba da yawon taro tare, har Zurmi gidan Gwaggo, wadda ta gabatar da ni ga maƙwabtanta da cewa ga mai wanka da soɓo.

Sana'ar tawa ba ta yi shekara ba. Irin robobin suka cika kasuwa da araha, ƙawata ta koma sayar da atamfa, ni kuma na samu aikin koyarwa. Ban yi arziki da ita ba, man shafawa dai na saya. Inna kuwa ta koma daddawarta da yajinta, har yau ana aikowa.

Na daɗe ina tunanin abin da ya faru. Wata da watanni muna kai wa Inna haƙuri, muna kai mata abinci, muna yin magana ƙasa-ƙasa a gabanta kamar marar lafiya. Duk don ƙauna muka yi, amma mun ɗauke mata komai, ba mu bar mata ko tsinke ta ɗaga ba. Matar da ta saba a neme ta, sai muka mayar da ita wadda ake lallaɓawa. Babu wanda ya zo ya ce, "Inna, na kasa, taimake ni." Ni ma ban faɗa da baki ba, wautata ce ta faɗa a madadina.

Ita ta fi ni gane wannan. Bara mijin wata maƙwabciyarmu ya rasu, matar ta fita takaba ta kasa fita ɗaki. Na zo hutu na ce, "Inna, mu shiga mu ba ta haƙuri." Ta ce haƙuri ai an ba ta har ya yi mata yawa. Ta ɗebi barkono da citta da kanumfari a faranti, ta ɗora mini a kai, muka shiga. Bayan gaisuwa ta zauna a bakin gadon matar, ta miƙa hannunta tana murza wuyansa, ta ce, "Kin gan ni nan, hannun ga ya hana ni sakat, ga haihuwa biyu an yi a layinmu. Ba wadda ta san ma'aunin yajina in ba ke ba. Ko za ki taimaka mani?"

Matar ta daɗe tana kallon farantin. Sannan ta jawo shi gabanta, ta fara tsince barkonon.

Muna fitowa na ce, "Inna, yaushe hannunki ya fara ciwo ban sani ba?" Ta ce, "A shekaruna, Auta, duk inda kinka taɓa akwai ciwo. Zaɓa kawai nika yi."